Riɗi Ba Masara Ba Ne: Wane Taki Ya Dace Da Shi?

A hutun daminar bara na tarar da kawuna a gonarsa ta wajen Bungudu yana ta murna. Riɗinsa ya yi tsawo har ƙirji, ganye shar kamar alayyafo. Ashe ragowar yuriyar masara ya watsa masa har sau biyu. Da iskar ƙarshen damina ta kaɗa, sai rabin gonar ya kwanta, kuma ranar kakkaɓa abin da ya samu bai kai kuɗin takin ba. 'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu da amfanin gona ake biya mana kuɗin makaranta, don haka wannan magana tamu ce.

Mu fara da abin da ke cikin buhu. Yuriya naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Aikinta tsawo da ganye. Kamfa mai lamba 15-15-15 tana da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga naitirojin, fosfaras da fotash. Sufa kuwa fosfaras ce, tare da farar wuta da kalsiyam.

To, me riɗi yake so? Kusan rabin ƙwayarsa mai ne, kuma shukar da ake noma don mai tana da buƙatar farar wuta sosai. Shi ya sa manoman mastad a Indiya, wanda shi ma don mai ake nomansa, ba sa wasa da ita. Fosfaras kuma ita ke ƙarfafa saiwa, ta taimaka wajen fure da cikar ƙwaya. Naitirojin ma yana so, amma daidai gwargwado. In ta yi yawa sai ya shagala da ganye, kara ya yi laushi, nuna ta yi jinkiri.

Ga tsarin da ya fi dacewa. A zuba takin gida da ya ruɓe tun kafin huɗa, musamman a jigawa inda ƙasa ba ta riƙe ruwa. Sufa ko kamfa a sa su lokacin shuka, a gefen layi, a rufe da ƙasa, domin fosfaras ba ta tafiya nesa a cikin ƙasa, kuma in taki ya taɓa ƙwayar riɗi yana ƙona ta. Bayan noman firi da rage shuka, kafin fure, sai a bi da yuriya kaɗan in ƙasa tana da danshi. Ita ma a binne ta. Wadda aka watsa a sarari, wani kaso nata iska ke tafiya da shi.

Ganye ma yana magana. In na ƙasa, tsofaffin, suka fara yin ɗorawa, naitirojin ce ta gaza. In kuwa sababbin na sama ne suka koɗe, a zargi ƙarancin farar wuta. Ƙarin yuriya a nan asarar kuɗi ce kawai. Haka nan in ruwa yana kwanciya a gonar, babu takin da zai cece shi, don riɗi ba ya jure wannan.

Akwai dalilin da ya sa lissafin ya ƙara tsauri. Rashin tsaro ya raba mutane da yawa a yankin Tsafe, Gusau da Bungudu da gonakinsu na nesa, satar shanu kuma ta rage kashin dabbobi. Gonar kusa da gari ake ta nomawa ba hutu. Saboda haka a daina ƙona karmami da yayi, don wuta tana kore naitirojin da farar wuta sama. A kuma riƙa juya shuka, bana gyaɗa ko waken soya, baɗi riɗi.

Kawu dai bana buhun sufa ya fara saya. Kai ma in ka je gida hutu, juya buhun da Baba ya sayo, ka karanta masa lambobin kafin a kai shi gona.