Kafin Ka Kira Dillali, Duba Gindin Bangonka

Da zarar mutum ya yanke shawarar sayar da gida a Kano ko Zariya ko Katsina, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne fenti. Ya sayo bokiti uku, ya sa a shafe ciki da waje, washegari ya kira dillali. Fenti na da ranarsa, babu musu. Sai dai masu sayen gida a yau ba kasafai suke zuwa su kaɗai ba. Suna tafe da birkila ko wani ɗan'uwa da ya san gini, shi kuwa ba launi yake kallo ba. Durƙusawa yake ya ƙwanƙwasa gindin bango, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya kwarara ruwa a tsakar gida ya ga inda zai bi.

Cutar da ta fi cin gidajenmu ita ce damshi. Ruwan ƙasa kan hau bango daga tushe, musamman ginin da ba a shimfiɗa wa leda ko kwalta a harsashinsa ba, kuma yana tafe da gishirin ƙasa. Idan ya bushe sai gishirin ya fito fari-fari, filasta ta kumbura tana zubewa. Wanda ya shafa fenti a kan wannan ya zubar da kuɗinsa, domin damina ɗaya ta isa ta ɓare shi. Sai an fara gano daga ina ruwan yake: rariya ce ta toshe, ko bututun famfo ne ke yoyo cikin bango, ko indararo ne ke zuba a jikin gini, ko kwatar maƙwabci ce. A magance wannan, a kankare filastar da ta mutu, a bar bangon ya sha iska, a sake yaɓe, a jira makonni kafin a kawo fenti. Shi ya sa Agusta ba watan wannan aiki ba ne. A bari ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi.

Akwai masu yin fentin da gangan don rufe tsaga ko tabon yoyo. Wannan algus ne. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi babba da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Ko dai a gyara, ko a faɗa wa mai saye a rage masa farashi.

Sai kicin, inda ciniki da yawa ke mutuwa ba tare da mai sayarwa ya san dalili ba. Maigida ne zai biya, amma idan uwargida ta leƙa kicin ta yamutsa fuska, zance ya ƙare. Abin mamaki, gyaran nan ba ya cin kuɗi yadda ake zato. Kunkunniya da maiƙon da suka shekara a bango sai an wanke su da ruwan zafi da omo, domin fenti ba ya kama maiƙo. Bayan murhu kuma tayil ya fi, layi uku ko huɗu sun wadatar, in ba hali a sa fenti mai mai wanda ake iya gogewa. Ba dole ba ne a fasa kabad a yi sabo. Kafinta ya canza hinjis da mariƙai, ya daidaita ƙofofin da suka karkace, ya cire katakon ƙasa da ruwa ya kumbura, ya kuma duba ko gara ta shiga, domin in ta shiga sai an yi mata magani tukuna. Famfon da ke ɗiga sau da yawa roba ce kawai ta cinye. Warin da ke tasowa daga wurin wanke-wanke kuwa yawanci rashin lanƙwasasshen bututun nan ne da ke riƙe ɗan ruwa ya tare iskar kwata, kuma turaren wuta ba ya maganinsa. Tukunyar gas a fitar da ita waje cikin keji mai iska, a shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo. In kumfar ta yi ƙwai, gas na fita. Kada a gwada da ashana. Soket ɗin da ya yi baƙi a kira mai gyaran wuta ya canza shi. Kada kuma a manta da madafin tsakar gida, inda ake hura itace ko gawayi ranar suna da salla. Mai iyali da yawa yana dubansa kafin ya dubi falo.

Inda mutane ke asara shi ne wuce gona da iri. Wani zai ci bashi ya sa marmara da fitilun alfarma, yana zaton farashi zai ninka. Unguwa ce ke yanke kuɗin gida, da girman fili, da hanya, da ruwa. A Kano, gidan Ɗorayi ba zai koma farashin Nasarawa GRA don an yi masa ado a silin ba. Fari ko ruwan madara ya isa, yana ƙara wa ɗaki haske da faɗi. A kwashe tarkacen soro da tsakar gida, a ɗauke akurki da turken awaki ranar da za a zo dubawa, a buɗe tagogi.

Tsoffin gidaje na da haɗari biyu ga lafiya. Silin da yawa na da can na asbestos ne, ƙurarsa tana lalata huhu, don haka kada a fasa shi ko a goge shi da samfefa. Tsohon fenti mai mai kuma kan ƙunshi dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. A jiƙa bango kafin kankarewa, a fitar da yara da masu juna biyu daga gidan har a share.

Duk wannan aikin banza ne idan takardu ba su cika ba. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya ce mai takardar mallaka ta gwamnatin jiha ba zai mayar da ita ga wani ba sai da amincewar gwamna. Mai saye mai wayo zai je ofishin rajistar filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja ya bincika fayil, don haka ka riga shi zuwa, ka biya harajin fili da ake bin ka. In gidan gado ne, kada a buɗe bokitin fenti sai kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu, a kuma rubuta la'adar dillali tun kafin ya kawo mutum na farko.