Jingar Gini da Kuɗin da Ba a Ambata Ba

Idan kaka ta yi a ƙasar Gwarzo da Kabo, masara da dawa da gyaɗa suka kai kasuwa, kuɗi suka ɗan zauna a hannun manomi, sai a ga tifofin yashi sun fara ratsa unguwanni, domin a lokacin ne mai ɗan hali yake ɗaura niyyar yi wa iyalinsa muhalli, ko ƙara ɗaki saboda ɗan da za a yi wa aure. Amma duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Kabo da Gwarzo ta nufi Dayi, ba zai rasa ganin gine-ginen da suka tsaya a linta ba, damina ta zo ta same su babu rufi, ciyawa ta tsiro a cikin ɗakunansu. Idan ka tambayi mai ginin sai ya ce magini ne ya cuce shi, idan ka tambayi magini sai ya ce maigida ne ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. A nawa ganin, galibin kuɗin da ke fitowa a tsakiyar aiki su karya mai gida, abubuwa ne da kunya ko gaggawa ta hana a ambace su ranar da aka yi jinga.

Iyayenmu ba su san wannan matsala da yawa ba, saboda duk abin da ginin ƙasa yake bukata yana kusa da idon mai gida. Ƙasar tubali daga kududdufin bayan gari ake haƙo ta, azara daga giginya ake tsaga ta, makuba daga ɗorawa ake samunta, leburanci kuwa sau da yawa gayya ce ta 'yan'uwa da maƙwabta, ladanta fura da tuwo. Magina kuma suna da sarkinsu wanda ake kai masa ƙara, sana'ar tana da gado da suna da ake tsoron zubarwa, har ta kai ga irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ana ambatonsu har yau. Ginin ƙasa yana da tasa ɗawainiya, wato yaɓe kafin damina, amma ɗawainiya ce sananniya wadda kowa ya tashi ya ga ubansa yana yi.

Da siminti da rodi da kwano suka shigo, sai al'amarin ya juya, domin yanzu kusan babu abin da ke cikin ginin da farashinsa yake hannun mutanen gari. Siminti daga Obajana ta jihar Kogi, ko Kalambaina ta Sakkwato, ko Ashaka ta Gombe yake tasowa; rodi da kusa da makullai a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ake saro su, katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, sannan a ɗoro su a mota a yi tafiyar kimanin kilomita 70 kafin su iso Gwarzo. Saboda haka ne lokacin da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi ya ja komai, kuma a watan Fabrairu na 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu masana'antu aka ambaci 7,000 zuwa 8,000. Wanda ya yi jinga da kaya a kan tsohon farashi, ko dai magini ya gudu ya bar aikin, ko ya rage siminti a kwaɓi don ya fita.

Ga yadda jingar take gudana a bisa al'ada. Maigida zai kai magini fili, ya nuna da sanda ya ce, "Malam, ciki da falo biyu nake so, da kicin da banɗaki, nawa za ka yi mini?" Magini ya taka filin, ya dubi sama kamar mai lissafi, ya faɗi kuɗi; a yi tayi, a yi albarka, daga ƙarshe ya ce, "Haba Alhaji, ai ba za mu ɓata ba," a tafa, a shafa fatiha. Ba a faɗi tsawon ɗaki da faɗinsa ba, ba a ce bulo mai inci tara ne ko mai inci shida ba, ba a tantance ko aikin ya ƙare a linta ne ko har da filasta da daɓe ba. Malaman fiƙihu kuwa, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid har zuwa Mukhtasar na Halilu da ake karantawa a zaurukanmu, sun sharɗanta a babin ijara cewa aiki ya zama sananne, lada ma ya zama sananne, domin jahilcin ɗayansu garari ne, shi ne kuma mafarin husuma. Abin mamaki, mutumin da ya karanta wannan babi da asuba shi ne zai yi irin waccan jinga da hantsi.

Abubuwan da aka fi mantawa da su ƙanana ne a ido, amma idan suka taru sai su kai kuɗin ɗaki guda. Na farkonsu ruwa. Gini da rani ake yi, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, alhali kwaɓi yana shan ruwa, bulo yana shan ruwa, kankaren da aka zuba kuma wajibi ne a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, ba ya kuma cika ƙarfinsa sai ya yi kwana 28. Iskar hunturu kuwa idan ta bugi filastar da ba a jiƙa ba, sai ta tsattsage ta kafin a yi fenti. Duk wannan ruwa ɗan garuwa ne zai turo shi a kura, jarka-jarka, kuma idan ba a faɗi mai biyansa ba, aljihun maigida zai faɗa, ko kuma a daina ba ginin ruwa a ɓoye, wanda shi ne mafi muni. Sai ciko, wato jar ƙasar da ake zubawa a cikin harsashi, wadda filin da ke kwari yake haɗiye tifa bayan tifa. Sai kuɗin lodi da sauke kaya, da hayar katakon da ake ɗaure linta da shi, da ladan mai gadi. Ramin masai ma yana da nasa hukunci, domin ƙasar yammacin Kano tana kan dutse, mai haƙa yakan yi gaba ɗaya ko biyu ya ci karo da fa, nan take ya ce wannan ba ya cikin jinga, kuma da gaskiyarsa.

Ba na musun akwai ha'inci. Akwai mai buga bulo da yake matse buhu guda har ya fitar da abin da ya wuce ƙima, bulon da idan ka murza gefensa da yatsa sai yashi ya zubo. Akwai rodin da aka rubuta milimita 12 a rasit aka kawo wanda bai kai ba. Akwai la'adar da mai shago yake ajiye wa magini, a ɗora ta a kan farashin maigida. Maganin wannan sananne ne: mutum ya sayi kayansa da kansa bayan ya zaga shago uku, ya ƙirga kwano ya ga ashirin ne a bandir, ya tsaya a wurin ranar zuba kankare. Sai dai kada ya tara siminti da yawa don gudun tashin farashi, domin buhun da ya yi wata uku a ɗaki mai laima yakan dunƙule ya rasa ƙarfi; rodi da kwano su ne suke jure ajiya.

Mai gida ma yana da nasa kason laifi, ko da yake ba a cika faɗa masa ba. Gini ya kai taga sai uwargida ta zo dubawa ta ce kicin ya yi ƙanƙanta, ko aboki ya ba da shawarar a juya ƙofa, a rushe abin da aka riga aka biya, sannan a yi mamakin magini ya nemi ƙari. Haka nan jinkirta kuɗin leburori, waɗanda yawancinsu manoma ne, da ruwan farko ya sauka za su ajiye cebur su koma gona.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, don haka babu abin kunya ga wanda ya ce a ɗauko takarda. A rubuta awon kowane ɗaki, da irin bulo, da inda aikin zai tsaya, da wanda zai ɗauki ruwa da ciko da dako, da hukuncin da za a bi idan farashi ya tashi ko aka sauya tsari, mai unguwa ko limami ya sa hannu a matsayin shaida. Biya kuma ya zama mataki-mataki, na harsashi, na linta, na rufi, na filasta, kowanne bayan an gani da ido. A sani kuma cewa lamunin da Malikiyya suka ɗora wa masu sana'a ya shafi kayan da suka tafi da shi wurinsu ne, kamar tela da maƙeri. Wanda yake aiki a gidanka ba ya biyan abin da ya salwanta sai an tabbatar da sakaci ko ta'adi, saboda haka tsaron siminti da rodi a wurin gini yana wuyan mai gida, sai idan an sharɗanta akasin haka. Kafinta kuwa, ya kamata a yi yarjejeniya da shi tun farko cewa za a riƙe wani kaso na kuɗinsa har ruwan Agusta ya sauka a kan rufin, in an ga yoyo ya zo ya gyara kafin ya karɓi cikonsa.