GUZURIN ƊALIBAN DAMARGU: GERON DA AKE CI BA TARE DA AN HURA WUTA BA

Kowace shekara wajen watan Oktoba, daidai lokacin da ake yankan gero, motocin da ke tashi daga Tanut da Belbeji sukan cika da samari da ƴan mata masu komawa makaranta. Waɗansu lise za su a Damagaram, kusan kilomita 150 kudu da Tanut. Waɗanda suka ci jarrabawar bak kuwa jami'a suka nufa, ko dai ta Damagaram wadda aka kafa a 2010, da yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, ko kuma ta Abdou Moumouni da ke Yamai. Cikin kayan kowannensu, tsakanin tufafi da littattafai, akwai wani ƙunshi wanda uwa ko inna ta ɗaure da hannunta. A kan wannan ƙunshi za mu yi magana yau.

Ɗakin kwanan ɗalibai ba gida ba ne. Babu murhu, babu turmi, a wurare da yawa kuma ba a yarda a kunna risho ba saboda tsoron gobara. Gidan cin abinci yana da lokutansa, ita kuwa yunwa ba ta duba agogo. Yaron da ya zauna bitar darasi har tsakar dare, ko yarinyar da ta fito da asuba ba ta karya ba, suna bukatar abin da za su sa a baki nan take, mai arha, wanda ba ya neman wuta. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan talakan da ya rasa wannan ɗan abin, shi ne wanda barci ke ɗauka a aji, shi ne kuma wanda wata rana yake tattara kayansa ya koma ƙauye ba takarda a hannu.

A ƙasashe irin su Amurka, ɗalibai sukan sayi hatsin kwali, su cakuɗa shi da zuma da niƙaƙƙiyar gyaɗa, su dunƙula. Ɗan Damargu ba sai ya je nesa neman wannan dabara ba, domin kakanninsa sun riga kowa saninta. Tun zamanin da, ƙasar Damargu ita ce rumbun Abzin. A nan ayarin Kel Ewe yake awon gero, ya haura da shi arewa, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya musanya shi da gishiri da dabino. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya shigo Damargu tare da irin wannan ayari a watan Janairu na 1851, kuma a Tagelel ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu. Mutumin da yake bin raƙuma kwana da kwanaki cikin rairayi, inda babu ko tsinken da za a hura, tilas ya san abincin da ruwa kaɗai yake bukata. Abzinawa suna daka gero da dabino da cuku, su dama da ruwan salka, su sha, suna kiransa eghajira. Tukuɗin da muke alfahari da shi a Damagaram, muna kai wa baƙo da amarya, ɗan'uwansa ne na jini.

To, yaya ake shirya wannan guzuri? Gaskiyar magana, abincin da aka ce ba ya son wuta ya riga ya ga wuta da rana a gida. Aikin duka yana wuyan matan da aka baro a Gangara, da Olelewa, da Falanko, da ƙauyukan Tarka. Za a surfa geron, a bakace dusar, a wanke, a rege tsakuwa, a shanya a kan tabarma mai tsabta har ya bushe ƙayau. Daga nan sai a zuba shi a kasko a yi ta juyawa a kan wuta marar ƙarfi, har ƙamshinsa ya tashi, launinsa ya ɗan sauya. Idan ya huce a daka ko a kai inji, tare da citta da kanumfari da masoro, mai son yaji ya ƙara ɗan barkono, sa'an nan a tankaɗe.

Kada a raina wannan suya ta kasko, domin ita ce ginshiƙin aikin. Ƙwayar gero tana da mai, kusan kashi 5 cikin 100 na nauyinta, ya fi na dawa da na shinkafa. Muddin ƙwayar tana rufe, man yana zaune lafiya, shi ya sa damin gero yake shekara a rumbu. Da zarar an niƙa, iska ta taɓa shi, sai garin ya fara ɗaci da warin tsufa cikin ƴan kwanaki, balle a zafin bazara. Zafin kasko yana kashe abin da ke haddasa wannan ɗaci, yana korar sauran danshi, yana kuma rage ƙwayoyin cuta. Gumba ɗanya, wadda ake dakawa daga jiƙaƙƙen gero, tana da daɗi, tana kuma da matsayinta a wurin sadaka, amma ta yini ɗaya ce. Ba a yin guzurin wata da ita, kuma takan kumbura wa waɗansu ciki.

Idan wannan gari ya isa ɗakin ɗalibi, sauran aiki kaɗan ne. Kwano ɗaya da cokali sun isa. A ɗebi cokali huɗu ko biyar, a zuba sukari da garin madara, a yayyafa ruwa kaɗan kaɗan ana murzawa har ya kama jikinsa, a dunƙula ƙanana kamar ƙwan zabuwa. Wanda yake da tunkuza ko dakakken ƙuliƙuli ya haɗa, zai sami abin da ya kusa dakuwa, mai riƙe ciki tun safe har azahar. Mai dabino ya cire ƙwallon, ya jiƙa shi ɗan lokaci, ya murje shi cikin garin, ya marmasa cuku a kai: ga tukuɗi ya samu, ba ya ma neman sukari, tun da fiye da rabin nauyin busasshen dabino zaƙi ne. In kuma sha ake so, sai a ƙara ruwa ko nono a dama. Fura ita ma tana yin wannan tafiya, amma da yake ita dafaffiya ce, sai an marmasa ta an shanya ta bushe sarai kafin a ƙulla. A watan azumi, ɗaliban da suka san wannan ba su damu da neman sahur a waje ba.

Bari mu yi lissafi irin na ajin yaƙi da jahilci. Tiya ɗaya ta gero ta kai kusan kilo biyu da rabi. In an fitar da dusa, abin da ya rage bai gaza kilo biyu ba. Ɗalibin da yake cin giram 100 a yini zai yi kusan mako uku da shi. Kowa ya duba farashin tiya a kasuwar garinsu, ya gwada da kuɗin biskit na mako uku, ya yanke wa kansa hukunci. Giram 100 ɗin nan yana ba da kuzari kusan kalori 360, da sinadarin gina jiki kusan giram 11, da kuma ƙarfe mai ƙara jini, wanda ƴan mata suka fi kowa bukata. A 2018 an fitar da wani irin gero a Nijar mai suna Chakti, aikin masu bincike na ICRISAT da INRAN, wanda ƙarfensa ya ɗara na irin da aka saba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2023 domin girmama gero da danginsa. Abin da muke ci tun muna goye, sai ga shi duniya tana yi masa biki.

Sai dai a lura da shayi. Ɗalibanmu suna sonsa ƙwarai, musamman a daren jarrabawa, amma shan shayi mai kauri tare da abinci yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin geron. Gara a raba su da awa ɗaya ko biyu. Garin ƴaƴan kuka kuwa akasin haka yake yi: cokali ɗaya cikin damu yana taimakon jiki ya amfana, ga kuma ɗan tsami mai daɗi.

Haɗari biyu ne muke so iyaye da ɗalibai su riƙe. Na farko ruwa. Abin da ba a dafa ba, duk abin da ke cikin ruwan da aka dama shi da shi, ciki zai tafi kai tsaye. Ba a manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda ta taɓa jihohin Damagaram da Maraɗi. A yi amfani da ruwan pampo mai tsabta ko wanda aka sa wa magani, a wanke hannu da sabulu kafin a dunƙula, kuma abin da aka jiƙa da safe kada ya kwana. A ɗaki ɗaya mutum huɗu ko biyar sukan sa hannu a kwano guda, wannan zumunci ne mai kyau, amma hannu ɗaya marar tsabta ya isa ya kwantar da ɗakin duka ana gobe jarrabawa. Na biyu gyaɗa. Wadda ta yi fumfuna, ko ta yi baƙi, ko ta yi ɗaci, tana iya ɗauke da wata guba da likitoci ke kira aflatoksin, mai lalata hanta sannu a hankali, kuma suya ba ta kashe ta. A tsince gyaɗa ƙwaya ƙwaya, a zubar da marar kyau, kada a ji tausayinta.

Akwai kuma abin da ya shafi hukuma. Damargu ta yau ba ta samun ruwan sama yadda take so. A shekaru da yawa abin da ke sauka a Tanut ba ya kai milimita 300, kuma dattawa ba su manta da 1973 da 1984 ba, matasa kuma sun ga 2005. A shekarar da rumbu bai cika ba, ƙunshin ɗalibi shi ne farkon abin da ke ƙanƙancewa, domin uwa ba za ta aika da tiya birni ba alhali ƙanana suna kuka a gabanta. Tun da Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, Damargu tana da hukumomin gunduma biyu, ga sarakuna. Muna ganin ba abu ne mai wuya ba a san yawan ƴaƴan kowace karamar hukuma da ke karatu a Damagaram da Yamai, a sayi gero da kaka lokacin da yake arha, a ba ƙungiyoyin mata aikin surfe da suya da niƙa a biya su ladansu, a riƙa aika wa yaran rabonsu wata wata. Kuɗin zai tsaya a ƙauye, geron kuma na gonar iyayensu ne.

Ku kuma ƴan'uwa mata da kuka sami takardar yaƙi da jahilci, ga wurin da alƙalaminku zai yi aiki. Ku zuba garin a gwangwani ko kwalba mai murfi bayan ya huce sarai, kada ku ƙulle shi da ɗuminsa cikin leda, gumi zai ɓata shi. Ku raba shi kashi kashi, domin kada a riƙa buɗe duka kullum. Dabino da cuku da ƙuliƙuli kowanne a ƙunshinsa dabam, sai ranar ci za a haɗa su. Sa'an nan ku liƙa takarda a jikin kowane gwangwani, ku rubuta sunan yaron da ranar da aka niƙa, domin ya san wanda zai fara buɗewa.