Gini na namiji, jere na mace

A gidajenmu, idan biki ya matso, ango ne ke da ɗawainiyar ɗaki. Shi zai nemi magini, a yi rufi, a yi shafe, a kafa ƙofa. Daga nan dangin amarya mata su zo ganin ɗaki, su auna tagogi saboda labule, sannan ranar jere su shigo da gado da katifa da kwanuka. Kafin hannunsu ya taɓa shi, kango ne kawai.

Wani ɗan tsuntsu na ƙasashen sanyi, wanda ake kira wren da Ingilishi, haka yake tafiyar da gidansa. Danginsa sun haura iri 80, kuma kusan dukkansu a nahiyar Amurka suke. Irin nasa ne kaɗai ya bazu a Turai da Asiya har zuwa duwatsun Maroko. Launinsa ruwan ƙasa, jelarsa kullum a ɗage, nauyinsa kusan giram 10 ne kacal, amma in ya buɗe baki da waƙa sai ka rantse wani babban tsuntsu ne a cikin shinge.

Da bazara namijin ke fara gini. Yakan nemi rami a jikin katanga ko saiwar bishiyar da ta faɗi, ya yi ta jigilar gansakuka da busasshen ganye da ciyawa, har ya dunƙule sheƙa mai rufi da 'yar ƙofa a gefe. Ba ya tsayawa a ɗaya. Yana iya gina biyar ko shida, kowace ya bar cikinta ba shimfiɗa. Wannan wahalar tana burge ni ƙwarai, domin kowane tsinke da baki yake ɗauko shi.

Macen ba ta da gwaggo ko yaya da za ta aika, ita ce mai ganin ɗaki, ita ce mai jere. Ya yi ta waƙa yana jan ta daga wannan sheƙa zuwa waccan, tana leƙawa tana fitowa. Wadda ta kwanta mata a rai, sai ta shimfiɗe ta da lallausan gashin tsuntsaye, ta saka ƙwai biyar ko shida, ta yi kwanci ita kaɗai na kusan kwana 16.

Sauran sheƙun ma ba a banza suke ba. Inda abinci ya wadata, namijin yakan ƙara aure, wata macen ta zaɓi ɗaya daga cikinsu ta yi nata jeren.