Ko Kun Sani? Fargaba Na Hana Yaro Karatu

Idan yaro ya tsorata, wasu 'yan halittu da ke bisa ƙodarsa kan saki sinadarin kotisol, jiki ya shirya wa gudu ko faɗa. In abin ya wuce, shi ke nan. Illar tana ga tsoron da ba ya ƙarewa, kamar rigimar iyaye kullum, duka ko gudun hijira. Sai ka ga yaro na kukan ciwon ciki duk safiyar makaranta, ko ɗan shekara 7 ya koma fitsarin kwance, ko karatun da aka biya masa jiya ya gudu yau. A ce masa daƙiƙi, alhali fargaba ce ta cika masa kai.

Amma kulawar manya na iya rage illar. A Bukarest ta ƙasar Romaniya, masana sun bi diddigin yara 136 na gidajen marayu, suka mayar da rabinsu hannun iyayen riƙo. Waɗanda suka samu gida kafin su cika shekara 2 sun fi sauran kaifin fahimta. Abin da ya bambanta su shi ne samun babba mai kula da su tun da wuri.

Iyaye da malamai, kafin a ɗauko bulala, a tambayi yaron me ke damunsa.