IDAN TIYON WANKIN ƘODA YA GOCE

Darasinmu na yau a kan ciwon ƙoda yake.

Aikin ƙoda shi ne tace jini. In ta gaji, sai a yi wankin ƙoda. Hanya biyu ce. Ta farko da inji ake yi, kamar yadda ake yi a asibitin Lamorde da ke Yamai. Ta biyu ta cikin mutum ake yi. Likita yana sa siririn tiyo ta fatar ciki, kusa da cibiya. Wani likita mai suna Tenckhoff ya fito da irin wannan tiyo a Amurka a 1968. Ta nan ake zuba ruwan magani kamar lita 2. Ruwan ya jima, ya kwashe dattin jini, sannan a fid da shi. Yawanci sau 4 ake yi a rana.

Ku mutanen Madarunfa da Jiratawa kun san injin ban ruwa. In bakin tiyo ya ɗaga daga cikin ruwa, inji ba ya jan kome. To, haka abin yake. Wurin bakin wannan tiyo shi ne can ƙasan mara, inda ruwa ke taruwa. In ya goce ya yi sama, ruwa ya kan shiga amma ya ƙi fita. Ciki ya yi nauyi, ƙafafu su kumbura.

Me ke kawo haka? Sau da yawa taurin bayan gida ne. Hanji ya cika, ya ture tiyo. Wani lokaci kuma kitsen da ke rufe hanji ne ke naɗe shi.

Ga abin yi. Ku duba ko tiyo ya lanƙwashe a waje. Ku sake kwanciya, ku tashi ku yi ɗan tattaki. In ruwa bai fita ba, ku je asibiti ranar nan. Likita zai ɗauki hoton ciki. Sau da yawa maganin sakin ciki ya isa. In bai isa ba, a mai da tiyo da siririyar waya, ko da ƙaramin aiki.

Kada ku ja tiyo. Kada ku zura masa wani abu. Kada ku sha jiƙe-jiƙe, gama wasu suna ƙara wa ƙoda wahala. In ruwan ya fito gurɓatacce, ko ga ciwon ciki da zazzaɓi, ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Wannan ba a kwana da shi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.