Tarihin Gero Na Manomi Ne, a Karanta Masa Shi da Hausa

Duk manomin gero a Mallawa ta Nijar ya san shibra. Tana fitowa tsakiyar gona da kamannin gero, sai dai zangarniyarta ba ta da kauri, tana riga sauran nuna, kuma da iska ta kaɗa ta sai tsabar ta kakkaɓe ƙasa. Wannan hali na zubar da tsaba gado ne daga geron daji, kakan wanda muke ci. Mutanen farko da suka noma shi sun yi ta ware zangarniyar da ke riƙe ƙwayarta har a yanke, damina bayan damina, har ciyawar daji ta zama tuwo da fura.

Aikin ba na jiya ba ne. A kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, masu tonon kayan tarihi sun ga sawun geron gida a jikin fasassun tukwane masu kimanin shekara 4,500. Ita dawa an gano mafarinta kusa da Kassala, a gabashin Sudan, wajen shekara 5,000 da suka shige. Gyaɗa kuwa, wadda ta fito da sunan ƙasar Magariya a zamanin kamfanin SONARA, baƙuwa ce: daga Kudancin Amurka jiragen ruwan 'yan Fotugal suka kawo ta Afirka a ƙarni na 16. Masara ma daga Meziko ta taso.

Irin waɗannan labarai ne suka cika littattafan kimiyya da ake rubuta wa kowa da kowa a Turai da Amurka, sannan a naɗe su a murya, mutum ya saurara yana tuƙi ko yana girki. Ɗaya daga cikinsu shi ne The Triumph of Seeds na Thor Hanson, wanda ya fito a 2015. Daɗinsu shi ne suna sa ka kalli abin da ke cikin ƙwaryarka da sabon ido. Amma da Turanci ko Faransanci suke, wanda kuma ya fi kowa haƙƙin jin labarin, wato mai iri a hannu, bai samu ba.

Alhali shi ne ke ci gaba da aikin. Je ka gona da kaka ka gani. Kafin a ɗaure dammuna, maigida zai bi yana tsamo zangarniya doguwa, cikakkiya, wadda zuzzuɗa ba ta taɓa ba, ya ɗaure ta daban, ya adana a rumbu. Ko yunwa ta matsa, iri ne abu na ƙarshe da ake taɓawa.

Masana sun auna tasirin wannan zaɓe. Sun kwatanta geron da aka tattara a ƙauyuka 79 na Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan a 2003, suka shuka su gefe da gefe. Sai ga na baya yana riga na farko fitar da kai. Ma'ana, a cikin shekarun fari, ciki har da na 1984, geron manoma ya koma mai saurin nuna, daidai da gajeriyar damina. Wannan sakamako an buga shi a 2011, amma manoma nawa aka taɓa gaya wa?

Haka labarin gawo, wanda ya sake rufe gonakin Magariya da Matamai da Mirya. Ƙwayarsa na da ɓawo mai tauri. Idan akuya ta ci 'ya'yan, cikinta ya tausasa ɓawon, sai ta kasayar da ita tare da taki, ta tsira. Manomi ya ga tsiron ya bar shi, ya sassabe masa. Bayani ne na minti biyar da yaro da tsoho za su ji daɗinsa.

Hanyar isar da shi a buɗe take, domin mu mutanen kunne ne. Rediyo na rataye a reshe ana noma, littattafan soyayya ana karanta su a saka a katin waya, saƙon murya ta WhatsApp na ƙetara iyaka zuwa Maigatari kullum. Abin da ya rage shi ne malaman cibiyar binciken noma ta INRAN da na Jami'ar Damagaram su zauna da gidajen rediyon karkara, su rubuta tarihin gero da dawa da wake da Hausar da ake ji a kasuwa, a sami mai daɗin murya ya karanta.

Kada kuma maganar ta zama ta ɓangare ɗaya. Dattawa da tsofaffin matan Mallawa sun san wane iri ke son jigawa, wanne ke jure fari, wanne ya ɓace a wace yunwa. A kai musu na'ura tun suna raye, a naɗi muryarsu, ta zama babi a cikin littafin.